Tanbihi ga 'Yan'uwa a kan Tanadin Yaƙi da Ƙawancen Sarakuna

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai ba da aminci ga wanda Ya so. Tsira da amincinSa su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah Ya datar da ni da kai. Sababin rubuta wagga takarda tambaya ce da wani falke ya yi mini a zaure bayan la'asar, cikin daminar shekara ta 2023, lokacin da anka cika gari da zancen za a kai yaƙi Nijar. Shi mutum ne mai bin hanyar Kamba da Gaya, kuma kayansa sun tsaya a iyaka. Ya ce mini: "Allah gafarta Malam, idan mai mulki ya tara mayaƙa, ya kira abokan ƙawancensa, sa'an nan ya ce shi ba yaƙi yake so ba, so yake a ji tsoronsa domin kada a yi yaƙin, shin gaskiya ya faɗa ko yaudara? Kuma lafiyar da anka samu ta wagga hanya, ana kiran ta lafiya?" Na ba shi amsa gajeruwa ranar nan, ban kuwa gamsu da ita ba. Da na zauna na yi nazari, sai na ga ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Mu da ke zaune Gwadangaji, Birnin Kebbi na maƙwabtaka da mu, Ambursa na bisa hanya, Argungu na gaba, ƙasar da muke nomawa ta daɗe tana kwana tsakanin tsoro biyu.

Fasali a kan tanadi

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah Ya umurci muminai cikin Suratul Anfali da su tanadi ƙarfi gwargwadon ikonsu, har Ya ambaci dawakai ɗaurarru, kuma Ya bayyana dalili, shi ne tsoro ya shiga zukatan maƙiya. Ayar da ke bin ta kuwa umurni ce da karkata ga sulhu idan maƙiyi ya karkata gare shi. Ka duba yadda anka jera su, tanadi da sulhu suna maƙwabtaka. Wanda ya karanta ta farko ya rufe littafi bai gama karatu ba, haka wanda ya tsallake ta ya kama ta biyu.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya aikata wanga abu a fili. Washegarin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya fita da sahabbai da raunukansu zuwa Hamra'ul Asadi, sunka hura wutace masu yawa da dare, Abu Sufyanu da ke shawarar komowa Madina ya ji labari ya zarce Makka. A shekara ta 9 ya tafi Tabuka da mutum 30,000 cikin tsananin zafi da ƙarancin guzuri, ba a gwabza da Rumawa ba, amma garuruwan kan iyaka sunka zo sunka ƙulla amana. Tafiya biyu ke nan da anka ci riba ba a gwabza yaƙi ba.

Ku fatake kun fi kowa sanin yadda abin ke aiki. Kakanninku da ke bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya ɗaiɗai, ayari suke yi ƙarƙashin madugu, kuma masu kwari da baka ba a ɓoye su cikin kaya, ana sa su inda ɗan fashi zai hange su. Domin ɗan fashi shi ma ɗan kasuwa ne ta wata fuska, shina lissafin riba da hasara kafin ya fito daga kurmi. Ƙarfin da bai gani ba ba ya hana shi. Ƙarfin da ya gani, amma ya tabbata masu shi za su watse da kibiyar farko, shi ma ba ya hana shi. Sai ya gani, ya kuma gaskata. Wanga gaskatawa ita ce jarin dukan al'amarin, kuma za ka ga nan gaba ita ce guba cikinsa.

Hanin nan iri biyu ne. Ganuwa tana cewa da maƙiyi: ba ka iya shiga. Barade suna cewa da shi: in ka shiga namu, za a shiga naka. Ni dai na fi son maganar ganuwa, domin ganuwa ba ta tashi ta tafi garin maƙwabci. Amma doki shina tafiya, kuma maƙwabcinka ba ya ganin zuciyarka, turkenka yake gani. Dokin da ka ɗaure domin tsaro da wanda ka ɗaure domin hari kamarsu ɗaya. In ka ƙara goma shi ma ya ƙara goma, ku wayi gari kowa ya fi jiya makami, ba wanda ya fi jiya barci. Hatsin dawakin nan kuwa daga rumbun talaka yake fita.

Fasali a kan ƙarami cikin inuwar babba

Labarin Kanta sananne ne gare mu. Abdurrahmani Sa'adi na Tumbutu ya kawo shi cikin Tarihus Sudan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ambace shi cikin Infaƙul Maisuri. Kanta ya kasance abokin yaƙin Askiya Muhammadu na Songai, sunka tafi tare sunka yaƙi Agadas. Da anka komo, wajen shekara ta 1516, sai rabon ganima ya raba su, mutanen Kanta sunka ga an tauye su, Kanta ya fita daga biyayya. Songai ta aiko runduna ba ta ci nasara ba, wani Askiya daga baya ya sake gwadawa ya koma da kunya, har zamanin Askiya Dawuda anka yi sulhu. Kabi ta zauna tsakanin manya biyu, Songai daga yamma, Barno daga gabas, ba wadda ta haɗiye ta. Kufan Surame da ganuwarta ta duwatsu suna nan a ƙasar Binji, wanda ya je ya gani ya san da me anka sayi wancan 'yanci, da kuma wuyan waɗanda sunka ɗauki duwatsun.

Abin lura a nan, ƙawancen nan bai lalace a fagen fama ba, wurin rabo ya lalace. Babba shina ganin ƙarami bara ne da anka taimaka, ƙarami shina ganin kansa abokin tarayya ne mai kaso. Kowane ɗan kasuwa ya san haɗin jarin da ba a faɗi rabonsa tun farko ba, ranar riba yake wargajewa. Ita kuwa Songai, da ta shekara da shekaru tana auna Kabi, ba daga Kabi ajalinta ya zo ba. Mutanen Maroko sunka ƙetaro hamada da bindigogi, sunka karya ta a Tondibi a 1591.

Yanzu zan shiga zamanin da ambatonsa ke bukatar ladabi. Ba nufina tone tsohon miki ba ne. Darajar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, Allah Ya yarda da su, ba abin jayayya ba ce gare mu, jaruntakar Kabawa kuma ba mai musun ta, jikokin ɓangarorin biyu yau sahu ɗaya suke salla, sun auri juna. Amma tarihi makaranta ne, ba a barin darasi domin ɗacinsa.

A shekara ta 1220 ta Hijira, wato 1805, rundunar jama'a ƙarƙashin Malam Abdullahi ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, anka naɗa Usman Masa. Kafin shekarar ta ƙare, Gobirawa da Azbinawa sunka taho da gayya, anka haɗu a Alwasa, Usman Masa ya juya ya koma wancan ɓangare, jama'a ta sha kashi mai tsanani. Maƙiya sunka bi su har Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa, Allah Ya sa anka kore su, bayan haka anka gina ganuwar. Abokin ƙawancen da takobi ya kawo shi, shina tare da kai ne muddin takobinka ya fi tsawo. Ranar da ka fi bukatarsa, ranar ce yake sake lissafi.

Fasali a kan Lafiyar Toga

Nan ne zuciyar maganata, sai ka tsaya da ni. Bayan Hodi, Karari ya riƙe Argungu har anka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya zauna Sakkwato shekaru masu yawa, har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yarda ya koma gida. A 1849 Nabame ya ɗaga tuta. Bai tsaya shi kaɗai ba, Zabarmawa da Arawa da Dandawa sunka shiga tare da shi, ƙananan ƙasashe sunka haɗa kai domin kowace ta san ita kaɗai ba ta iyawa. Kabi ta zama tsinke tsakanin Sakkwato da Gwandu. Ita Gwandu ta dogara ga ribaɗai, irin Ambursa, inda mutane ke zaune da iyalinsu, suna noma da rana suna tsaro da dare, kamar yadda Muhammadu Bello ya tsara tun zamaninsa har shi kansa ya zauna Wurno ya rasu can a 1837. Argungu kuma tana da ganuwa, tana da fadama, in gulbi ya kawo doki ba ya da amfani.

Anka yi ta ɗauki ba daɗi. Nabame ya faɗi a 1854. Ƙanensa Yusufu Mainasara ya faɗi a fadama a 1859. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya faɗi a Karakara. Kowane gida ya binne sarki, ba wanda ya gama da wani. Sa'an nan a 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, anka ƙulla sulhun da muke kira Lafiyar Toga. Anka yarda Argungu ta ci gashin kanta, garuruwan da ke hannunta su zauna hannunta. Masu tarihi sun ambata kuma cewa waɗanda anka kama a yaƙi an bar su ga waɗanda sunka kama su.

To, ga amsar rabin tambayar falken nan. Ba soyayya ta haifi Lafiyar Toga ba. Gajiya ce da tsoro, kowane ɓangare ya gwada ƙashin ɗan'uwansa ya ji ba ya tauno. Amma ta yi shekara 8. Cikin shekarun nan an shuka shinkafa a fadama an girbe, Sarkawa sun yi su, ayari ya wuce, yaron da anka haifa farkonta ya kai ga riƙe allo bai ga an ƙone garinsu ba. Wanda ya ce wagga ba lafiya ba ce, bai taɓa gudu da tsohuwarsa a baya ba. Ni ina kiran ta lafiya, kuma ina ganin waɗanda sunka ƙulla ta sun sami lada gwargwadon niyyarsu. Sai dai kada ka manta da waɗancan kamammu. Sarakuna sun yi musafaha, amma akwai uwar da ta ji an yi sulhu, ta kuma ji ɗanta ba zai komo ba. Sulhun manya sau da yawa akwai wanda anka biya da shi, kuma ba a tambayarsa.

Me ya warware ta? Ba Sakkwato ta taso ba, ba Argungu ta fara kai wa Gwandu hari ba. Wani gari ne can ƙasan gulbi, Fanna, mutanensa sunka yi shawarar mai da biyayyarsu ga Gwandu a 1875, sai wuta ta sake kamawa. Ka auna abin da hankalinka. Mutanen Gwandu suna iya cewa: waɗanda sunka nemi inuwarmu, in mun kore su, wa zai sake amincewa da mu? Mutanen Argungu suna iya cewa: in mun ƙyale gari ɗaya ya tafi, gobe goma za su bi, kuma abokan ƙawancenmu za su ce mun yi sanyi. Kowanensu shina da hujja, kuma hujjar iri ɗaya ce, tsoron kada a daina jin tsoronsa. Ga gubar da na ambata. Lafiyar da ke tsaye bisa tsoro dole masu ita su riƙa ciyar da tsoron nan, har ya kai ƙaramin al'amari ba ya yafuwa, domin yafewa sai a fassara ta da rauni.

Almajiri zai tuna da Hudaibiyya. A shekara ta 6 anka ƙulla sulhun shekara 10, anka ba kabilu zaɓi, Huza'a ta shiga alkawarin Annabi, Banu Bakrin ta shiga na Ƙuraishawa. Ba a cika shekara biyu ba Banu Bakrin ta auka wa Huza'a da dare, wasu Ƙuraishawa sunka taimaka da makamai da mutane. Annabi bai ce wagga rigimar ƙananan kabilu ce ba, ya tsaya wa abokin alkawarinsa, ya taho da mutum 10,000 a shekara ta 8, Makka ta buɗu kusan ba jini. Can ma ta ƙofar ƙaramin aboki sulhu ya tsage. Bambancin shi ne, a Hudaibiyya an bayyana matsayin abokan ƙawance cikin sharaɗi, saboda haka da anka saɓa, mai laifi ya san kansa, har Abu Sufyanu ya tafi Madina neman gyara.

Bayan Fanna yaƙi ya ci gaba. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ake kira Sama, ya hau a 1883, ya matsa wa Gwandu ƙwarai. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahmani ya taho Argungu da babbar runduna, bai ci ta ba. Ana cikin haka, wasu mutane a Landan da Faris, waɗanda ba su taɓa shan ruwan gulbinmu ba, suna ja wa ƙasar layi bisa takarda, a 1890, sa'an nan a 1898, sunka sake gyarawa a 1904 da 1906. Faransawa sunka sauka Dosso a 1898. Ingilishi sunka sauka Argungu a 1902, Sama ya karɓe su ba faɗa, kuma wani ɓangare na rundunar da ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 daga Argungu ya taso. Ban zargi Sama da abin da ban tsaya a matsayinsa ba, mutum ne da ya gaji yaƙin shekara hamsin, ya ga mai ƙarfin da zai ɗauke masa shi. Ya tsira da gadonsa. Amma Dosso da Dogonduci da Gaya, inda abokan ƙawancen Kabi suke, sun faɗa rabon Faransa, kuma da mai Argungu da mai Gwandu da mai Sakkwato duka sun wayi gari ƙarƙashin Nasara. Shekara hamsin suna tanadi domin juna, ba wanda ya yi tanadi domin bindiga mai ruwa.

Fasali a kan manyan dauloli na yanzu

Abin da ke gudana tsakanin Amurka da Rasha da Sin, in ka cire girman makami, shi ne wanga karatu. A 1949 Amurka da ƙasashen yammacin Turai sunka ƙulla ƙawancen NATO, sharaɗinsa na biyar shi ne wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Tarayyar Sobiyat ta ƙulla nata a Warso a 1955, ya watse a 1991. Tun 2017 NATO ta ajiye ƙananan rundunoni a Istoniya da Latbiya da Lituweniya da Folan. Ba su da yawan da za su tare Rasha su kaɗai, amfaninsu shi ne duk wanda ya ƙetaro sai ya zub da jinin manyan ƙasashe tun ranar farko, daga nan ba mai iya janyewa. Ribaɗi ke nan da wani suna.

Yukren kuwa ta tsaya bakin ƙofa. A 1994 ta yarda ta ba da makaman nukiliyar da ta gada, Amurka da Ingila da Rasha sunka sa hannu a Budafes cewa za a girmama iyakokinta. A 2008 NATO ta ce za ta shiga wata rana, ba a yanka ranar ba. Rasha ta karɓe Kirimiya a 2014, ta auka mata gaba ɗaya ranar 24 ga Fabrairu 2022. Wanda ya auka shi ne mai zalunci, ban da shakka a kan haka. Amma waɗanda sunka yi mata baiko ba su ɗaura aure ba, su ma akwai abin tambayarsu, domin sun fusata maƙwabcinta ba su kuma tsare ta ba. Finlan da Suwidin sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, sunka shiga NATO a 2023 da 2024. Kada kuma ka ɗauka yawan ƙawance kullum tsaro ne. A 1914 an kashe yariman Ostiriya a Sarayebo, igiyar alkawari ta jawo Rasha da Jamus da Faransa da Ingila ɗaya bayan ɗaya, har anka ɗebi samarin ƙasarmu zuwa Kamaru da gabashin Afirka, su mutu a rigimar da ba su san mafarinta ba.

Mu komo gida. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji sunka kifar da Shugaba Muhammadu Bazum a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS ta zauna Abuja ta ba su mako ɗaya su mai da shi, in ba haka ba ana iya amfani da ƙarfi. Anka rufe iyaka, anka yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Mali da Burkina Faso sunka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Majalisar Dattawan Nijeriya ba ta goyi bayan yaƙi ba, malamai sunka tafi Yamai, Sarkin Musulmi ma ya tafi cikin 'yan aike. Mako ya cika, ba a tafi ba. Na gode wa Allah da ba a tafi ba, domin da kibiyar ta tashi, a jikin dangi za ta sauka, mutanen Dosso da Gaya da Dogonduci su ne dai waɗanda kakanninsu sunka tsaya da namu. Amma dubi abin da barazanar ta haifar. Sojojin Yamai sun san mutanen arewacin Nijeriya ba su yarda ba, saboda haka ba su gaskata ba, kuma na gaya maka abin da ba a gaskata ba ba ya hani. Bazum bai koma mulki ba. Ƙasashen nan uku sunka ƙulla nasu ƙawance a Satumba 2023, sunka fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Sojojin Faransa sun fita Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024, Rasha ta sami ƙofa. Wanda ya biya kuɗin kuwa shi ne mai albasar da ta ruɓe cikin mota, da majinyacin da ke kwance asibiti ba wuta, har Nijeriya ta buɗe iyakarta a Maris 2024. Kuma bango da ya tsage, ƙadangare ya shiga. A Nuwamba 2024 Lakurawa sunka kashe mutane a Mera ta ƙasar Augie. Gwamnatoci biyu suna harare-harare, ɗan ta'adda shina ƙetare iyakar da ba ta hana shi ba, ta hana falke.

Fasali a kan hukunci

Idan ka ce: to Malam, halal ne mai mulki ya yi barazana da abin da ba ya nufin aikatawa? Sai in ce maka, a raba. Abin da ke tsakaninka da maƙiyin da ke shirin auka maka, shari'a ta yi sauƙi cikinsa, yaƙi ɗan zamba ne, wutacen Hamra'ul Asadi ma domin a zaci yawa anka hura su. Iyaka dai mai hankali ba ya yawaita shi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, in an gane ka sau ɗaya, ranar da kake da gaske ba mai saurare, sai ka zub da jini kafin a yarda. Amma abin da ke tsakaninka da wanda ka yi wa alkawari, ko abokin ƙawance ko abokin sulhu, babu zamba cikinsa ko kaɗan. Shi ya gina gidansa bisa maganarka. Suratul Anfali ta hukunta cewa in ka ji tsoron ha'inci daga waɗanda kunka yi alkawari, ka mai da musu alkawarinsu a fili kafin ka motsa. Ya zo a hadisi cewa Mu'awiya ya matsa da runduna kusa da ƙasar Rumawa kafin wa'adin sulhu ya cika, domin ya auka da zarar ya cika, sahabi Amru ɗan Abasa ya tsawata masa, ya juya da mutanensa. Ka ga ko matsawa kusa da iyaka, in da nufin mamaye, an lissafa ta cikin yaudara.

Akwai kuma barazana da abin da aikata shi haram ne ko da an zo ga yaƙin, kamar halaka gari da matansa da yaransa, irin abin da anka yi wa Hiroshima a 1945. Masu wanga makami suna cewa shi ya hana su yaƙar juna tun daga lokacin. Ko da haka ne, ni ban sami hanyar da zan halatta wa Musulmi ya ƙudurta a zuciyarsa kisan wanda shari'a ta hana kashewa ba, kuma in bai ƙudurta ba, barazanar ba ta aiki. Wagga matsala ta fi ƙarfin wagga takarda. Maganata a kan ganuwa ce da barade, abin da ake nufin mayaƙi da shi.

Saboda haka abin da zan ce wa falken nan yanzu shi ne: mai mulkin da ya ce shina tanadi domin kada a yi yaƙi, ana gane gaskiyarsa da abin da yake yi da kwanakin da tsoron ya saya masa. In shina aika manzanni, shina bayyana iyakar abin da zai jure da wanda ba zai jure ba, shina warware zancen ƙananan garuruwa irin Fanna tun ba su zama dalili ba, shina neman a sako kamammu, to ya faɗi gaskiya. In kuwa ba abin da yake ƙarawa sai dawakai, kuma talakawansa sun fi maƙiyansa jin tsoronsa, to ka san inda anka nufa da dawakin.

Bindigar Nasara ta tsai da yaƙin Kabi a 1903, amma Sarkin Musulmi bai taka Argungu da ziyara ba sai 1934, lokacin da Hassan ɗan Mu'azu ya tafi, Sarkin Kabi ya tarbe shi, anka shirya masa su a Matan Fada. Shekara 31 ke nan tsakanin ajiye makami da shiga gidan juna. Daga wagga ziyara bukin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda 'yan Sakkwato da 'yan Gwandu da 'yan Dosso ke zuwa kallo.

Allah ne Mafi sani. Tammat.